Yadda za ku samu dattawan da za su ba ku tarihi a Sakkwato

Jama'a, ku fara da mai unguwa da liman, amma kada ku tsaya ga sunayen da suka ba ku, don galibi na gidajen sarauta da malanta ne. Ku leƙa wajen majema, marina da mahauta. Tsofaffin mata kuwa, mace za ku tura cikin gida.

Ku je bayan la'asar da ɗan goro, ku ɓoye takarda da biro a zuwan farko. Da an gan su za a ɗauka rajistar tallafi ce, kowa ya ƙara wa kansa shekaru. Kada ku naɗi murya a majalisa, babba ne zai cinye zancen. Sai mutum ya amince sannan a kunna waya. Kafin ku tashi, ku ce: "Baba, wa kuma ya san wannan?" Ku karɓi sunaye biyu.