Yadda ake zama kocin ƙwallon Amurka a jami'a: hanyar da Nick Saban ya bi

Mai son horar da 'yan wasan ƙwallon Amurka a jami'a, ya kamata ya fara da buga wasan da kansa, ko da bai yi fice ba. Nick Saban, wanda daga baya ya zama shahararren koci, ya buga wa jami'ar Kent State ta jihar Ohio a matsayin mai tsaron baya daga 1970 zuwa 1972, kuma bai taɓa bugawa a gasar ƙwararru ta NFL ba.

Daga nan sai ya nemi gurbin ƙaramin mataimaki, wanda ake bai wa ɗalibin digiri na biyu. Aiki ne mai yawa da ɗan alawus, galibi nazarin bidiyon wasannin abokan hamayya da shirya atisaye. Kocinsa Don James ne ya bai wa Saban wannan gurbi a 1973.

Matakin da ya fi tsawo shi ne na mataimaki mai kula da rukuni guda na 'yan wasa, kuma a nan ake bukatar haƙuri da yawan ƙaura. Saban ya yi aiki a jami'o'in Syracuse, West Virginia, Ohio State, Navy da Michigan State, wasu shekara ɗaya kacal, kafin ya zama babban kocin ƙungiyar jami'ar Toledo a 1990, wato bayan shekara 17 yana ƙarƙashin wasu. A wannan lokacin ne ya wajaba mutum ya ƙware a zawarcin 'yan wasa daga makarantun sakandare, ya riƙa shiga gidajensu yana shawo kan iyaye, domin a jami'a koci ne ke nemo 'yan wasansa. A ganina, wanda bai iya wannan ba, iya tsara wasa ba zai cece shi ba.

Kada kuma a raina komawa ƙarƙashin wanda ya fi ka sani. Duk da ya ci wasa 9 cikin 11 a Toledo, Saban ya ajiye muƙamin ya tafi ƙungiyar Cleveland Browns ta NFL, inda ya kula da ɓangaren tsaro a ƙarƙashin babban kocinta Bill Belichick daga 1991 zuwa 1994.

Sai mutum ya gane fagen da ya dace da shi. Saban ya ci kofin ƙasa na jami'o'i da LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, a 2003, ya gwada NFL da Miami Dolphins, inda aka doke shi sau 17 ya ci 15, sannan ya koma jami'ar Alabama a 2007. A can ya ci kofi 6 kafin ya yi ritaya a Janairun 2024.