Yadda Ake Gane Irin Karen da Ya Iya Wasanni Iri-iri

Greyhound kare ne da ke kai kusan kilomita 70 a awa guda, amma da ido yake farauta. Ka ɓoye masa abu ka ce ya bi sawu ya nemo, ba nan ƙarfinsa yake ba. Gwani ne, sai dai gwanin abu ɗaya. Idan masu wasannin karnuka suka ce iri kaza ya iya komai, wani abu daban suke nufi, kuma akwai hanyar tantance shi.

Da farko, raba wasannin bisa abin da kowanne ke nema daga kare. Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Wasan tsallake shingaye, wato ajiliti, wanda aka fara nunawa a bikin karnuka na Crufts a Ingila a 1978, yana sa kare ya tsallake shinge, ya ratsa bututu, ya yi ta saƙa tsakanin sanduna 12, mai shi na gefensa yana nuna masa hanya. Wasan ɗauko ƙwallo na tawaga kuwa, karnuka huɗu ne ke karɓa-karɓa, kowanne ya tsallake shinge huɗu, ya taka akwati ƙwallo ta fito, ya cafke ya dawo. Sunayen biyu ne, amma gudu da tsalle duka suke nema. Karen da ya ci su biyun baiwa ɗaya ya nuna sau biyu. Abin da za ka nema shi ne irin da ke taɓuka abu a fannoni da ba su yi kama da juna ba: aikin jiki, aikin hanci kamar bin sawu da neman ƙamshi, biyayya ga umarni, sai aikin gado irin kiwon tumaki ko ɗauko tsuntsu daga ruwa.

Na biyu, duba lambobin yabon da ke haɗa fannoni. Ƙungiyar karnuka ta Amurka, AKC, tana da lamba mai suna VCD, wadda kare ba ya samu sai ya ci jarrabawar biyayya, da ta tsallake shingaye, da ta bin sawu. A Jamus aka ƙirƙiro jarrabawar Schutzhund, wadda tun 2019 ake kira IGP, domin tantance karen German Shepherd ɗin da ya cancanci a bar shi ya haihu. Sassa uku ne: bin sawu, biyayya, da tsaro, kowanne maki 100, kuma wanda ya kasa kawo 70 ko a sashe ɗaya ne ya faɗi. Karnukan farauta ma suna da tasu: ƙungiyar NAVHDA, da aka kafa a 1969, tana gwada kare a fili da cikin ruwa da bin sawu. Irin waɗannan jarrabawa sun fi tarin kofuna daga wasa guda faɗin gaskiya.

Na uku, kada kare ɗaya ya ruɗe ka. Kowane iri yana da ɗan baiwar da ya faɗa hannun ƙwararren mai horarwa ya yi abin mamaki. Wannan shaida ce a kan karen da mai shi, ba a kan irin ba. Tambayar ita ce: karnuka nawa na wannan iri, a hannun mutane daban-daban, har da sababbin shiga, suka iya haka? Ka kuma tuna cewa irin da ya yi yawa a hannun jama'a, kamar Labrador, dole sunansa ya cika jerin masu lamba. Da wannan ma'auni, sunayen da ke ta dawowa su ne Border Collie, Belgian Malinois, Australian Shepherd, Golden Retriever da Poodle, wanda mutane ke rainawa saboda askinsa, alhali asalinsa karen ɗauko agwagwa ne daga ruwa.

A cikin iri ɗaya ma akwai zuriyar aiki da zuriyar nuni, wato wadda aka yi ta zaɓa don kyan siffa. Tambayi abin da uwa da uba da kakanni suka yi. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma a karnuka gadon na fitowa fili.

Na huɗu, jiki. Matsakaicin girma, ƙafafu daidai da gangar jiki, da dogon hanci. Masu dannannen hanci irin Bulldog da Pug numfashi na ba su wahala idan gudu ya yi tsawo ko zafi ya tashi. Nemi sakamakon hoton asibiti (X-ray) na ƙugu da gwiwar gaba na iyayen. Cibiyar OFA ta Amurka ba ta ba da tabbacin lafiyar ƙugu sai kare ya cika wata 24. Kwikwiyo kuwa kada a sa shi tsalle mai tsawo sai ƙasusuwansa sun gama girma, galibi tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma likitan dabbobi ne zai tabbatar.

Na biyar, gwada karen da ke gabanka. Miƙa masa abinci, sannan abin wasa. Wanda ke son su biyun ya fi sauƙin horo, domin bin sawu na tafiya da abinci, wasannin gudu kuma da ƙwallo ko igiyar ja. Ɗora shi a kan katako mai motsi, ka yar da kwano kusa da shi. Firgita ba laifi ba ce. Abin lura shi ne ko zai dawo ya sansana abin cikin ɗan lokaci. Sai gwajin da ni na fi ba nauyi: yi wasa da shi har ya ɗauki zafi, sannan ka ce ya kwanta, ka watsa 'yan ƙwayoyin abinci cikin ciyawa ya nema. Malinois da Border Collie da dama a nan suke faɗuwa, domin kunna su ba wuya, kashewa ce aiki. Karen da ya sauke numfashi ya sa hanci ƙasa a natse, shi za ka iya kaiwa filin shingaye da safe, da yamma kuma ka sa shi bin sawu.