Ƙaura da iyali waje: kurakuran da muke yi wajen zaɓen lakkwal ɗin yara

Mu mutanen Tawa tafiya ba baƙuwarmu ba ce, Abijan, Akra, Kano, Libiya, wasu har Faransa da Amurka. Amma da maigida kaɗai ke tafiya bida, yanzu kuma ana kwashe uwargida da ɗiya a tafi da su, kuma maganar lakkwal ita ake bari ƙarshe, sai an sauka an kama ɗaki sannan a ce to yaran nan fa?

Babban kuskure wallahi shi ne takardu. Kafin ka ɗaura kaya je wurin diraktan makaranta ka karɓo bultan na yaro, na bana da na bara, da takardar shaidar cewa ɗalibinsu ne, ka haɗa da takardar haihuwa da karnen allurar rigakafi, ka kai meri a buga ma kwafi hatimi. In babu takardar haihuwa a je kotu a yo jugement supplétif, takardar alƙali da ke tsayawa madadinta, tun kana gida, don daga Abijan ba ka iya wannan zirga-zirga, sai dai ka yi ta kiran ƙanenka a WhatsApp yana ce maka gobe gobe. Kuma ka zauna ka duba rubutun suna harafi harafi. Bultan ya ce Mahamadou, takardar haihuwa ta ce Mohamed, paspo ya ce wani abu daban, mu nan mun san mutum guda ne amma ma'aikacin can bai sani ba, zai ture maka takardun ya ce ka dawo. A Amurka da Faransa kuma allurar nan ba wasa, sai sun ga shaida.

Sai harshe, nan ne yara ke shan wuya ba mai gani. Yarinya ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, da faransanci, a kai ta Kano ko Kumasi inda komai da ingilishi ake yi, a ce dole a sa ta aji daidai da shekarunta don kar a ce an mayar da ita baya. Tana zaune tana kwafar allo ba ta gane ko kalma, ta dawo gida ta yi shiru, iyaye su ce ta lalace. Gara ta rasa shekara guda ta kama harshen, ko a samo mata malami da yamma wata biyu uku kafin a buɗe makaranta. A Faransa akwai aji na musamman don yaran da suka zo ba su riƙe faransanci ba, UPE2A sunansa, ka tambaya da bakinka. In Libiya ce ko Aljeriya karatun gwamnati da larabci ne, yaron franco-arabe ya fi samun sauƙi.

Sunayen aji ma suna ruɗa mutane. CI ɗinmu, ajin farko na firamare, shi ne CP1 a Kodebuwa, CP ɗinmu na biyu kuma CP2. Faransa firamare shekara 5 ce, mu 6. Kuma mu Oktoba muke komawa lakkwal, su Kodebuwa da Najeriya da Faransa Satumba, wanda ya jira sai bayan damina ya tarar an yi nisa.

Wani kuma sai ya kama gida tukuna. A Amurka makarantar gwamnati da adireshinka take tafiya, Faransa ma haka, unguwar da ka zauna ita ke ba ka makaranta. Don haka tambayi makarantar unguwa kafin ka biya kuɗin haya.

Kar kuma ka ruɗu da fenti da bas mai kyau na makarantar kuɗi, ko don Alhaji wane ya sa nasa can. Tambayi kuɗin shekara gaba ɗaya, da rajista, tufafi, littattafai, mota, abinci, ka auna ko za ka iya shekara uku jere, cire yaro tsakiyar shekara ya fi komai karya masa gwiwa. Ka shiga cikin aji ka ƙirga yara nawa ne kan benci.

Sannan ku zauna da uwar yaran ku gaya ma juna gaskiya, za ku dawo ko ba ku dawowa? In shekara biyu uku ce kuna so yaro ya zo ya yi BEPC ko BAC a Nijar, to nemi makaranta mai faransanci ko da ta fi nisa. In zama ne na dindindin a Najeriya ko Gana, bar shi ya bi tsarinsu har jarabawar WAEC. Ku kuma nemi islamiyya ta Asabar da Lahadi tun satin farko, kuma a gida a ci gaba da yi masu Hausa, don ranar da kaka ta kira daga Tawa su iya gaishe ta da kansu.