Yadda ake kunna fitila da kashe ta daga kwamfuta da allon Arduino

Matasanmu na Jidda da Makka da ke koyon wannan aiki, ba haɗa waya ke kayar da su ba. Inda suke cijewa shi ne lokacin da kwamfuta ta aika umarni, allon ya yi kunnen uwar shegu, sai a ce kayan ne jabu.

Ka tanadi Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake loda wa shiri daga kwamfuta), kebul ɗin USB irin na firinta, ƙaramin ƙwan LED, da resista mai ohm 220. Uno na asali, ɗan Italiya da ya fito a 2010, yana da tsada. Ɗan Chana na kwaikwayo riyal kaɗan ne kuma aikinsu ɗaya, ni shi nake sa mai koyo ya saya, ko ya ƙone ba a yi babbar asara ba. Sai dai yawancinsu guntun CH340 ke cikinsu, wata kwamfutar ba ta ganinsu sai an sa mata direbansa, wato manhajar da ke sa ta gane shi. In ka duba Device Manager ba ka ga COM da lamba ba, nemo direban tukuna.

Doguwar ƙafar LED ta bi ta resista zuwa fil na 8 (fil su ne ramukan sa waya da ke gefen allon), gajeriyar ta tafi fil ɗin da aka rubuta wa GND. Kada ka tsallake resistar, fil ɗin Uno miliamfiya 20 aka so ya ɗauka. Fil na 0 da na 1 kuwa haramiyarka ne, ta nan allon ke magana da kwamfuta.

A manhajar Arduino IDE ake rubuta shirin a loda wa allon, kuma sashe biyu gare shi: setup mai gudana sau ɗaya, da loop mai ta maimaituwa. A cikin setup ka mai da fil na 8 OUTPUT, ka rubuta Serial.begin(9600). A cikin loop, duk lokacin da Serial.available ta nuna saƙo ya iso, ka karanta shi da Serial.read. In '1' ne fil ya zama HIGH, wato a kunne, in '0' ne ya zama LOW, wato a kashe. Lura da 'yan alamomin da ke gefen lambar. Idan ka danna 1, abin da ke bin waya 49 ne, lambarsa a tsarin ASCII, don haka wanda ya rubuta 1 tsirara zai kwana yana jira. Kuma kada ka ce "in ba '1' ba ne a kashe". Serial Monitor, tagar Arduino IDE da ake aika wa allon saƙo ta ciki, kan liƙa alamar sabon layi a bayan saƙo, sai ka ga ƙwan ya ɗan ƙyafta ya mutu nan take. Kowane umarni a ba shi nasa sharaɗin. Lamba na fi so a kan harafi, domin kibod ɗinmu na nan rabin yini a Larabci yake: ka danna K da nufin "kunna", nun ta Larabci ce ta tafi, allon bai san ta ba.

To ga inda ake shan wuya. Komai ya yi a Serial Monitor, sai yaro ya koma yaren rubuta shiri na Python, ya sauke pyserial da ke ba shi damar magana da allon, ya buɗe kafar allon, misali COM3, ya aika b'1', shiru. Dalili shi ne an ƙera Uno ta yadda duk sanda kwamfuta ta buɗe wannan kafa, allon zai sake tashi daga farko, ya ɗan saurara ko sabon shiri za a loda masa. Saƙon da ya zo a wannan tsakani ya bi ruwa. Ka zuba ido a kan ɗan ƙwan da aka rubuta wa L a jikin allon, za ka ga yana ƙyafƙyaftawa da zarar an buɗe kafar. Maganinsa layi ɗaya ne, time.sleep(2) bayan buɗewa, kafin aika komai. Wannan sake tashin ne kuma ke sa fitila ta mutu duk lokacin da ka sake kunna shirin Python, saboda haka ka buɗe kafar sau ɗaya ka bar ta a buɗe, kana aika umarni ta cikinta. Masu son yanke hanya kan sa kafasita mai maikrofarad 10 tsakanin RESET da GND. Tana aiki, amma sai an cire ta kafin a loda sabon shiri, kuma kullum ana mantawa. Sannan ka rufe Serial Monitor kafin Python, kafa ɗaya ba ta ɗaukar shiri biyu.

Fitilar ɗaki kuma sai da rile mai bolt 5, wato makunnin da allon ke sarrafawa: VCC zuwa 5V, GND zuwa GND, IN zuwa fil na 8. Da yawansu da LOW suke kunnuwa, in ka ga abu ya juye sai ka musanya. Fitilar tebur mai fulogi za ka yi wa, ka yanke waya ɗaya ka sa a COM da NO na rilen, ka rufe shi cikin akwatin roba. Bangon gidan haya ba naka ba ne, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kuwa ya fi ƙarfin wannan ɗan rile. A tsofaffin gidajen Saudiyya masu tsarin bolt 127 da 220, soket ɗin 220 duka wayoyinsa biyu na da wuta, ko rile ya kashe fitila ɗayar tana nan da ranta. Zare fulogi daga bango kafin ka taɓa komai.