Yadda Ake Saita Injin Gasa Kofi Domin Buga Hoto da Tawadar Sabilimeshan

Kofin tangaran mai ɗauke da hoton ango da amarya, ko sunan jariri, ko tambarin makaranta, ya zama ruwan dare a cikin kayan rabon biki da suna da walima. Mafi yawan waɗanda hotonsu ba ya kankaruwa da wanki, da hanyar da masu sana'ar ke kira sabilimeshan ake buga su. Tawadar wannan aiki ta musamman ce, domin idan ta ji zafi mai tsanani takan tashi daga busasshen launi ta koma tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, sai tururin ya ratsa wani siririn shafe na poliyesta da aka lulluɓe kofin da shi tun daga masana'anta, idan kofin ya huce kuma launin ya zauna daram a cikin shafen. Shi ya sa ko an shafa hannu a kan hoton ba a jin tudunsa, kuma shi ya sa kofin shayin da aka saya a kasuwa, komai kyansa da farinsa, ba zai kama hoto ba muddin ba shi da wannan shafe.

Abubuwa uku ne injin yake ba kofi: matsi, da zafi, da lokaci. Sababbin shiga sukan mayar da hankalinsu kacokan a kan lambobin zafi da lokaci saboda su ne suke fitowa a ɗan allon injin, alhali matsin da ba shi da lamba, wanda da hannu ake auna shi, yana cikin abin da ya fi lalata musu kofuna.

Kafin a kai ga wannan, mataki na farko shi ne duba takardar da ke manne a jikin injin domin sanin ƙarfin wutar da aka ƙera shi a kai. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 zuwa 240, amma injin da aka yi domin kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma idan aka soka shi kai tsaye a soket ɗinmu zai ƙone nan take. Injin kofi ɗaya ba ya jan wuta sosai, yawanci wat 300 ne zuwa 350, don haka ƙaramin janareto zai iya ɗaukarsa. Damuwar tana wajen wutar da ke hawa da sauka, saboda idan ta yi rauni injin yakan daɗe bai kai zafin da ake so ba, lissafin lokaci kuma ya rikice. A haɗa shi da sitabilaiza, a ba shi soket nasa shi kaɗai, sannan a ajiye shi a kan tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiza, a wurin da iska ke shiga, nesa da labule da takardu da hannun yara.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cewa zoben da ke rungumar kofin ya dace da girman kofin da za a buga. Wannan zoben shi ne zuciyar injin, a cikinsa wayar zafi take, kuma a yawancin injina ana iya kwance shi a sauya wani. Kofin da aka fi amfani da shi shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira mai oza 11, yana cin kusan mililita 325, tsayinsa kimanin santimita 9.5, faɗin bakinsa kuma kimanin santimita 8. Kofi mai oza 15, ko mai tsukakken gindi da buɗaɗɗen baki, ko gorar ruwa ta ƙarfe, kowanne yana da zoben da ya dace da shi, kuma tilasta wa zobe rungumar abin da ba girmansa ba yana gajarta masa kwana.

Daga nan sai saita matsi, kuma ana yin sa ne injin yana kashe, yana sanyi ƙalau. A ɗauki kofi wanda ba a buga komai a kansa ba, a naɗe shi da takarda kamar yadda za a yi ranar aiki, a zura shi cikin zoben, mariƙinsa yana tsakiyar tsagar da aka bari dominsa, sannan a rufe hannun injin. Idan hannun ya rufe sakwa-sakwa, ko kuma aka kama mariƙin kofin aka ga yana juyawa, matsin ya yi kaɗan, sai a buɗe a ɗaure notin matsi kaɗan a sake gwadawa. Idan kuwa sai an dage da ƙarfin tsiya kafin hannun ya rufe, matsin ya wuce kima, kuma ƙarshensa ko kofin ya tsage ko zoben ya lanƙwashe. Abin da ake nema shi ne hannun ya rufe da ɗan ƙarfi na hannu ɗaya, kofin kuma ya ƙi motsi ko an taɓa shi. Injin da ke da notin matsi biyu, dole a ɗaure su daidai wa daida, in ba haka ba saman hoton zai fito raɗau, ƙasansa ya fito a dushe. A kuma duba cewa leɓen zoben bai taɓa mariƙin kofin ba. Yana da kyau a sani cewa kofunan kwali ɗaya ma sukan ɗan bambanta a kauri, don haka duk lokacin da aka buɗe sabon kwali a sake gwada matsin.

Yanzu sai a kunna injin, amma da kofi a cikinsa. Barin zobe yana zafi babu komai a ciki, balle a rufe shi haka, yana cikin manyan dalilan ƙonewarsa da wuri, saboda babu abin da zai janye zafin daga jikin wayar. A ware kofi guda, ko da wanda ya lalace a gwaji ne, ya zama shi ne mai gadin zobe a duk lokacin da injin ke ɗumama ko yake jiran kofi na gaba.

Wajen saka zafi akwai tarkon da ya kamata a lura da shi. Allon injin yana iya nuna ma'aunin Selshiyos mai harafin C ko na Faranhait mai harafin F, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce: digiri 180 a ma'aunin C shi ne 356 a ma'aunin F, digiri 200 kuma shi ne 392. Wanda ya saka 200 alhali injinsa yana kan F, kofinsa ko zafin tafasar ruwa bai kai ba, tawadar kuma ba za ta motsa daga takarda ba. Kofin tangaran yana son zafi tsakanin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin C. Lokaci kuwa ya danganta da irin injin. Akwai wanda zafi ɗaya ake saka masa, ya fara ƙirga da zarar an rufe kofi an danna maɓalli, irin wannan yakan buƙaci sakan 180 zuwa 240. Akwai kuma mai zafi biyu, na jira da na aiki, wanda ba ya fara ƙirga sai kofin ya kai zafin aiki, don haka sakan ɗin da ake saka masa ya fi kaɗan nesa ba kusa ba. Wanda ya ari lambobin abokinsa ba tare da ya tambayi irin injinsa ba zai iya ƙona hoto ko ya fitar da shi ɗanye. Lambobin da ke cikin littafin injin da na kwalin kofuna su ne mafari, gwaji ne zai gyara sauran.

Yayin da injin ke ɗumama sai a shirya hoton. Firintar da ake amfani da ita ita ce wadda kanta, wato ɓangaren da ke fitar da tawada, ke fesa ta ba tare da zafi ba, shi ya sa ake yawan ganin Epson a wannan sana'a, ko dai irin su EcoTank da aka zuba wa tawadar sabilimeshan tun suna sababbi, ko waɗanda aka ƙera domin aikin kamar SureColor F170, sai kuma Sawgrass SG500 wadda ta wani kamfani ce daban. Hoton kofi mai oza 11 yakan kai kimanin santimita 20 a tsawo da 9 a faɗi. Wajibi ne a juya shi kamar yadda madubi ke nunawa kafin a buga, domin fuskar takardar ce za ta kwanta a jikin kofin. Idan aka manta, sunan amarya zai fito a birkice, kuma babu gyara. A buga a fuskar takardar da ta fi fari da haske, a bar tawadar ta bushe. Kada a tsorata idan launin ya fito a dushe a kan takarda, haka ɗabi'arsa take, zafi ne yake fito da shi.

A goge kofin da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. A lokacin hunturu wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙura da 'yan zarurrukan da ido bai cika gani ba sukan bar ɗigo-ɗigo, galibi shuɗaye, a farin kofi bayan gashi. Da damina kuma takarda ce ke shan danshi, danshin ya koma tururi ya ɓata launi, don haka a riƙa ajiye ta cikin ledarta a rufe. Sai a naɗa takardar a jikin kofin, a ja ta ta ɗame babu lanƙwasa ko iska a ƙarƙashinta, a bar tazarar kusan santimita ɗaya zuwa biyu daga mariƙi ta kowane gefe saboda zoben ba ya matsa wurin sosai, a manne gefunan da tef mai jure zafi. Salatif na ofis narkewa zai yi ya bar ƙazanta. A ƙara naɗa farar takarda guda a kai domin tawadar da ta tsere kada ta ɓata zoben ta koma kan kofi na gaba.

Idan injin ya kai zafinsa, a sa safar hannu mai jure zafi, a cire mai gadin zobe, a zura kofin aiki, a rufe. Za a ga lambar zafi ta faɗo ƙasa, wannan ba matsala ba ce, sanyin tangaran ne ya janye zafin, kuma da safiyar hunturu faɗuwar takan fi yawa. Da ƙararrawa ta buga a buɗe, a ɗauko kofin ta mariƙinsa, a ɓare takardar da sauri a tashi ɗaya ba tare da an bar ta ta goga a jikinsa ba, saboda tawadar tana ci gaba da tashi muddin kofin yana da zafi. A ajiye shi gaban fanka ya huce. Wasu sukan tsoma shi a ruwa mai ɗumi domin tsayar da tururin, amma ruwan sanyi yana iya tsaga tangaran.

Kofin gwaji shi zai faɗi abin da ya rage a gyara, kuma baƙin launi ne ya fi saurin tona asiri, don haka a tabbatar akwai baƙi sosai a hoton gwajin, sama da ƙasa da kusa da mariƙi. Baƙin da ya koma ruwan ƙasa, gefen rubutu kuma ya yi hazo-hazo, alamar zafi ko lokaci ya yi yawa. Baƙin da ya fito da ɗan kore-kore ko toka-toka, tawada kuma ta rage da yawa a takarda, bai gasu ba. Inuwa a gefen rubutu tana nufin takardar ta motsa. Dushewa a gindin kofi kaɗai takan zo ne daga kaurin gindin da ke shanye zafi, maganinta a ɗumama kofin na 'yan sakanni kafin a naɗa takarda, ko a ɗaga hoton sama kaɗan. Layi-layi a kwance kuwa ba laifin injin gashi ba ne, kan firinta ne ya toshe, abin da yakan faru idan ta yi kwanaki ba a buga komai da ita ba.

A gyara abu ɗaya kawai a kowane gwaji, ko digiri 5 ko sakan 15, domin idan aka sauya zafi da lokaci tare ba za a san wanne ne ya yi tasiri ba. Idan kofi ya fito yadda ake so, a rubuta zafin da lokacin da irin kofin da irin takardar a littafi, a kuma yi wa notin matsi alama da alƙalamin maka. Bayan an gama aikin ranar a mayar da mai gadin zobe, a kashe injin, a zare fulogi, a bar hannunsa a buɗe har ya huce kafin a lulluɓe shi saboda ƙura.