Shawara ga mai neman masauki a Kribi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya yi niyyar zuwa hutu Kribi, garin bakin teku da ke kudancin Kamaru, ina ba shi shawarar ya sauka a ƙaramin otal na cikin gari maimakon manyan masaukan da ke kan hanyar zuwa faɗuwar ruwan Lobe, domin ban da sauƙin kuɗin ɗaki, zai huta da biyan ɗan acaɓa safe da yamma. Daga tsakiyar gari da ƙafa ake isa inda masunta ke sauke kifi, a can mutum zai zaɓi ɗanyen kifi da hannunsa, mata su gasa masa nan take, su haɗa masa da soyayyiyar agada da yaji.

Amma kada a biya ko sisi sai an ga ɗakin. A buɗe famfo, a kunna fanka, a duba ragar taga saboda sauro, sannan a shinshina katifa, domin laimar teku tana sa ɗakin da ya daɗe a rufe ya yi warin gumi. A kuma tambaya ko suna da janareta, tun da ana ɗauke wuta. Ni dai na fi son ɗakin bene, ya fi samun iska.

A ƙarshen mako da watan Disamba mutanen Duwala da Yawunde kan cika garin, saboda haka gara a kira a kama ɗaki tun da wuri. Faɗuwar ruwan Lobe, wadda ke zuba kai tsaye cikin teku, kimanin kilomita 7 ce daga gari, zuwa ɗaya ya wadatar.