Yadda ɗalibin aikin wutar lantarki zai iya lissafi da dokar Ohm

Dokar da masanin nan Bajamushe Georg Simon Ohm ya wallafa a shekarar 1827 gajeriya ce ƙwarai. Matsin lantarki, wanda masu sana'a ke kira boltej, daidai yake da yawan wutar da ke kwarara, wato karant, idan aka ninka shi da turjiya, wato yadda abu ke tauye kwararar wuta. A rubuce V = I × R ne, kuma ana auna V da bolt, I da amfiya, R da om. Haddace ta ba ya cin minti biyar, amma abin da ke kayar da ɗalibai shi ne rashin tantance wace lamba ce ta wane sashe na da'ira, wato hanyar da wuta ke bi ta zagayo.

Saboda haka, kafin ka taɓa kalkuleta, ka zana da'irar a takarda, ka rubuta kowace lamba kusa da abin da ta shafa. A ce batir mai bolt 12 ne, an jera masa turjiya biyu, ɗaya bayan ɗaya, om 4 da om 8. Tun da hanya guda ce, sai ka haɗa su su zama om 12, karant kuma ya zama amfiya 1 a ko'ina. Ta farko tana riƙe bolt 4, ta biyu bolt 8, kuma jimillarsu ta koma 12, wanda shi ne shaidar cewa lissafin ya tafi daidai. Wanda ya raba bolt 12 da om 4 kaɗai ya ɗora wa turjiya ɗaya boltej ɗin da ba nata ba.

Idan kuwa an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowace da reshenta, boltej ɗaya ne a kan duka, karant ne ke rabuwa. Om 6 da om 3 a kan bolt 12 za su ja amfiya 2 da amfiya 4, jimilla 6, ke nan turjiyar gaba ɗaya om 2 ce. A irin wannan haɗi dole amsar ta gaza mafi ƙanƙantar turjiya. In ta fi ta, ka sake lissafi.

Ka lura da ma'auni, domin kilo-om 1 om 1000 ne, kuma bolt 9 a kansa miliyamfiya 9 yake bayarwa, wato amfiya 0.009.

Bayan lissafi sai gwaji, kuma a ganina ya fi kyau ka rubuta amsar da kake tsammani kafin ka ɗauki mita, wato na'urar auna boltej da karant da turjiya. Ana auna boltej ta hanyar ɗora wayoyin mita a gefe biyu na abin, karant kuwa sai an buɗe da'ira an sa mita a cikin hanyar. Wanda ya bar mita a kan ma'aunin karant ya ɗora ta kan batir, fis ɗinta na iya ƙonewa. Turjiya kuma ba a auna ta sai an kashe wuta.

Kada ka ruɗe idan ƙwan fitila mai zare ya saɓa wa lissafinka. Mai wat 60 a kan bolt 230 yana jan kusan amfiya 0.26, bisa P = V × I, inda P ke nufin ƙarfin da ake aunawa da wat, wato turjiyarsa ta kai kusan om 880 yana haske, alhali a sanyi mita za ta nuna ƙasa da om 100, saboda turjiyar zaren tana ƙaruwa idan ya yi zafi.